Kada Ku Taɓa Mana Ciyaman!

Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kuma da a takarda ake shan ruwa, da tuni an manta da ƙishirwa a cikinsu. A fayil ake haƙa rijiyar burtsatse, a fayil take lalacewa, a fayil ake sake ware kuɗin gyaranta. Akwai kwalbatin da bauca ta gina sau uku, amma har gobe in damina ta sauka sai ɗan acaɓa ya sauke fasinja, kowa ya naɗe ƙafar wando ya tsallaka. Wannan duk tsohon labari ne. Ni abin da ke ba ni dariya shi ne halin da muke shiga ranar da aka ce za a tambayi wani inda kuɗin suka maƙale.

Da hantsi labari zai iso teburin mai shayi cewa EFCC ko ICPC ta gayyaci ciyaman. Nan take kowa zai ɗauka: "Allah shi ƙara! Ai dama mun faɗa." Kafin azahar wani ya tuna ciyaman ne ya biya kuɗin aikin da aka yi wa matarsa a asibiti, sai muryarsa ta fara sanyi. Da la'asar maganar ta zama bita-da-ƙullin siyasa. Bayan isha'i sojojin baka sun cika gidajen rediyo suna rantsuwa cewa tunda aka kafa ƙaramar hukumar ba a taɓa yin adali irinsa ba. Wayewar gari kuma sai ga wata ƙungiyar matasa masu kishin yanki, wadda aka haifa jiya da daddare amma har ta yi shugaba da sakatare da ƙyalle mai hoton ciyaman, ta kira taron manema labarai. Dattawa su ma ba a bar su a baya ba. Za a ɗauko shatar bas, a sha manyan riguna, a nufi gidan gwamnati: "Ranka ya daɗe, yaron nan ɗanmu ne. A duba mana, a rufa asiri." Ranar da aka ba da belinsa, tun daga bakin gari za a tare shi da babura da kalangu, kai ka ce daga aikin Hajji ya dawo.

In kana son sanin dalili, ka yi sammako ka je ƙofar gidan ciyaman. Tun kafin ya fito an shimfiɗa tabarmi, takalma sun yi layi. Ga mai takardar magani da ta sha ninki har ta fara yagewa. Ga mai katin ɗaurin aure, ga wanda aka yi wa haihuwa babu ragon suna, ga wanda mai gidan haya ya ba shi notis. Can gefe ga wanda ya zo gaisuwa kawai, ba ya neman komai, sai dai ba shi da kuɗin motar komawa, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsa da gidan ciyaman ɗin. Kowa za a sallame shi, kowa zai yi addu'a, kuma cikin taron nan kaf babu mai tsayawa ya lissafa ko albashin mutum ɗaya zai ɗauki wannan hidima. Mun san daga inda kuɗin suke fitowa. Kwalbatinmu ce ake yanka mana ƙanana-ƙanana, muna karɓa da hannu biyu muna cewa Allah ya ƙara girma.

Shi ya sa a wurinmu ɓarawo shi ne wanda ya ci shi kaɗai. Wanda ya ci ya raba, sunansa mai alheri. Wanda kuwa ya ƙi ci ya ƙi rabawa, ya dage sai ya rufa kwanon firamare, ya saya wa asibitin sha-ka-tafi magani, wannan marowaci ne, ɗan boko, bai san mutane ba, kuma in sha Allahu ba zai maimaita ba.

A yi wa ciyaman adalci, shi ma yana da nasa kukan. A tsarin rabon arzikin ƙasa, kashi 20.60 cikin ɗari ne rabon ƙananan hukumomi. Amma sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, don haka kuɗin in sun taso daga Abuja sai sun yada zango a babban birnin jiha. Da ƙibarsu suke shiga, a rame suke fitowa, shi kuma ciyaman ya sa hannu cewa sun iso lafiya. A 2019 hukumar NFIU ta ce kada a riƙa cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, sai gwamnoni suka garzaya kotu, saboda tsananin tausayin talaka. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi ya saɓa wa doka. To, sai aka shiga zaɓe ba kama hannun yaro. A watan Oktoba na shekarar, NNPP ta lashe kujerun ciyaman 44 cikin 44 a Kano, APC ta kwashe 23 cikin 23 a Kaduna, da 27 cikin 27 a Jigawa. Ikon Allah, kowace jiha cikin ukun nan ra'ayin talakawanta ya zo daidai da na gwamnanta, ko ƙaramar hukuma ɗaya ba ta kuskure ba. Mutumin da ya san wanda ya ɗora shi a kujera, wa kake jin zai yi wa bayanin kuɗi?

Kansiloli ne doka ta ce su sa masa ido. Suna sawa kuwa, musamman a watan da alawus ya makara. A nan ne ake jin kalmar tsigewa. Da alat ya shigo waya, sai a gano ashe rashin fahimta ce irin ta 'yan gida ɗaya.

In surutu ya yi yawa, akwai magani: kwamitin bincike. Za a ba shi mako huɗu, ya nemi ƙari, ya ci kuɗin zama, ya miƙa rahoto a ɗauki hoto. Sai a kafa wani kwamitin da zai duba rahoton na farko. Kafin na biyun ya gama, ko gara ta cinye baucocin, ko gobara ta tashi cikin dare, gobara mai ilimi, wadda ke tsallake ofishin masinja da ɗakin ajiye tsintsiya ta wuce kai tsaye ofishin ma'aji. Kada ma a raina dabbobi a wannan fage. A 2018 wata ma'aikaciyar JAMB a Makurdi ta ce maciji ne ya haɗiye naira miliyan 36. A 2019 aka ce goggon biri ya lamushe kusan miliyan bakwai a gidan zoo na Kano, har sai da gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce gidan ba shi ma da goggon biri. Bawan Allah goggon biri, an yi masa ƙazafi ba ya ma gari.

Abin da ake turo wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ba sirri ba ne, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa shi, mai waya a hannu zai iya dubawa. Tun 2011 kuma akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanan gwamnati a rubuce. Don haka, malam, in za ka gidan ciyaman gobe, bar katin bikin a aljihu. Ka gaishe shi da ladabi, ka faɗa masa adadin da ya shigo watan jiya, ka tambaye shi nawa aka kashe a kwalbatin bakin kasuwa da sunan ɗan kwangilar. Amma ka karya kumallo a gida, ka kuma riƙe kuɗin motarka, don ranar babu mai sallamarka.