Madalla da Garin da Ba Ya Wahalar da Tsofaffin Makaɗansa

A shekarar 2017 wasu makaɗa huɗu 'yan ƙasar Ayalan, da ake kira U2, dukkansu sun haura shekara hamsin, suka kwashi kayan kiɗa suka shiga duniya. Ba wata sabuwar waƙa ce ta fitar da su ba. Faifansu ne na 1987, mai suna The Joshua Tree, ya cika shekara 30, shi ne suke bi gari gari, filin ƙwallo bayan filin ƙwallo, suna rera waƙoƙinsa 11 a jere, daga ta farko har ta ƙarshe. Dubban mutane suka riƙa sayen tikiti don su ji abin da suke da shi a gida tun suna samari. Kafin su, Roger Waters na ƙungiyar Pink Floyd ya kwashe daga 2010 zuwa 2013 yana yawo da faifan The Wall na 1979, yana dab da cika saba'in. Kai jama'a, ina tausayi? Mutum da furfurarsa a hana shi zama, a tsayar da shi gaban fitila yana zufa, wai ana girmama aikinsa, har a biya shi.

Mu a Kano Allah Ya raba mu da wannan rashin imani. Mu mun san darajar tsoho. Idan makaɗi ya manyanta, muryarsa ta fara rawa, sai mu bar shi ya huta. Hutu kuwa na gaske, wanda ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, ba mai damun sa da gayyata, ba mai ɗora masa nauyin ƙirga kuɗi. Yana zaune a zaure bisa tabarma, kalangu na rataye a ƙusa, fatar ta bushe, tsarkiya ta tsinke, shi kuma yana sauraron muryarsa ta ƙuruciya tana fitowa daga Adaidaita Sahun da ya wuce. Wane gata ya fi wannan?

Har 'yan'uwanmu na Afirka sun ɗauki wannan mummunar ɗabi'a ta Turawa. Orchestra Baobab ta Dakar ta watse a 1987, kowa ya kama gabansa. A 2001 aka sake fitar da faifansu Pirates Choice da suka ɗauka tun 1982, aka bi su ɗaya ɗaya aka tattaro, Youssou N'Dour ya sa hannu suka yi sabon faifai a 2002, dattawa suka koma hawa jirgi. A nan maƙwabtanmu ma, Mamman Sani na Yamai ya ɗauki kiɗan fiyanonsa na lantarki a 1978, kaset ɗin ya kwanta shiru shekara da shekaru, sai a 2013 wani kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya tono shi ya fitar, bawan Allah ya tsinci kansa yana wasa a Turai. Da a hannunmu yake, da mun rufa masa asiri ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa.

Duk mai son ya gane hikimarmu, ya bi titin BUK ya tsaya a Ƙofar Na'isa. Ƙofa ce ta ƙasa da ta shekara ɗaruruwa a jikin ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa. A 2010 aka ga ta tsufa, kuma ta tare wa motoci hanya, sai aka sa katafila ta sauke ta. Masu kula da kayan tarihi suka yi ta kururuwa, ba su gane alherin da aka yi musu ba: an gina wata ta siminti, faffaɗa, mai sheƙi, aka kuma bar mata sunan ta dā. Haka muke yi wa tsohuwar waƙa. A ɗauko karin Shata ko na Ɗanƙwairo, a kore kalangu da kotso, a sallami 'yan amshi, yaro ɗaya ya zauna gaban fiyano da kwamfuta a situdiyo, na'ura ta goge masa murya har ta daina kama da ta ɗan Adam, kafin la'asar an gama. Ba ciyar da mutum goma, ba kuɗin mota, ba jiran wanda ya tafi gona. Sunan dai yana nan, wai waƙar gargajiya.

Ga kuma adalcinmu wajen rabo. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta ce waƙa ta mai ita ce da magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan sai bayan 2069 waƙoƙinsa za su zama na kowa. Mu da yake ba mu son jinkirta alheri, tuni muka raba gadon. Je ka wurin mai tura waƙa a bakin titi, yana ƙarƙashin lema da kwamfutarsa mai fasasshen gilashi da tarin caja. Miƙa masa memori. Zai ce, "Baba, Shata kawai, ko a haɗa maka da Ɗan Maraya da Barmani?" Kafin ka gama amsa gaisuwar na kusa da kai, aikin rayuwar mutum uku ya shige cikin abin da bai kai farce ba, a kuɗin da ba zai sayi kwanon shinkafa da wake ba. Rabin waƙoƙin ba suna, wasu an yanke musu kai, wata ta Haruna Uji an rubuta mata Garba Supa. Yaron ba shi da laifi, abinci yake nema, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa akwai wasu iyali a Funtuwa ko Jos ko Haɗeja da ke da haƙƙi a cikin abin da yake sayarwa. Mun kare magadan daga fitinar dukiya, wadda kowa ya san ita ke raba zumunci.

Kada wani ya ce ba ma karrama mawaƙa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, har yau Dokta muke ce masa. To, amma tsayar da mutum goma a Ƙofar Na'isa, cikin masu cewa ba su da mawaƙi sai shi, ka ce su kawo sunan mutum uku daga cikin waɗanda suka yi masa kiɗa da amshi. A nan za ka ga kunya irin tamu. Turawa marasa kawaici sun san sunan mai ganga da mai jita na kowace ƙungiya, har da ranar haihuwarsu. Mu kuwa mun sakaya sunayen namu. Alhali kiɗan Shata ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai hammatar da ke matse kalangu har ya yi magana, akwai bakin da ke karɓar amshi daidai inda maigida ya ajiye numfashi, akwai sanƙiran da ke zuga taro. Bakandamiya ba ta tashi sai da su. Haka Barmani Choge, da ta rasu a 2013, ba ita kaɗai ke kaɗa ƙwarya ba, akwai matan da suka bi ta gidajen biki shekara da shekaru. Waɗanda suka rage a cikin irin waɗannan mutane su ne ƙungiyar. Su ne za su iya tsayawa gobe su maido da waƙa yadda aka yi ta, da hannu da baki, ba da na'ura ba. Kuma kowace shekara raguwa suke.

Na ga irinsu a ƙofar wani ɗakin biki a cikin garin nan. Dattijo ne da babbar riga da ta sha wanki har ta koɗe, kalangu a hammata, wani yaro na biye da shi. A ciki DJ ya saki tsohuwar waƙar kalangu, lasifika na girgiza tagogi, manyan mutane na ta liƙi ga junansu. Dattijon ya matsa zai shiga, mai gadi ya ɗaga hannu: "Baba, yi haƙuri, an ce ban da maroƙa." Bai yi musu ba. Ya koma gefen motoci ya tsaya, yatsunsa na bin kiɗan a jikin tsarkiya, bai kuskure ko bugu ɗaya ba. Dubi tsari! Waƙa ta shiga, mai waƙa ya tsaya a waje. Mun tace abin sarai, mun ɗebi daɗin mun zubar da mutumin. Mu ne masu haddace waƙar makaɗi baiti baiti, mu kafa hujja da ita a zance, malamai su rubuta digiri a kanta, amma ranar da ɗansa ya zo neman aure a gidanmu sai a tuna da asali.

Akwai 'yan tsirarun da ke neman ɓata mana wannan tsari, ya kamata a faɗe su. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da shekarunsa yana bin makaɗa yana rubuta tarihinsu. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin rayuwar Shata a 2006, Dokta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara ma ya yi nasa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana tattara tsofaffin faya-fayai yana adana su. Allah Ya saka musu, sun yi abin da hukumomi masu kasafin kuɗi ya kamata su yi. Sai dai littafi ba ya kaɗa kalangu, kuma adana murya daban, ciyar da mai muryar daban. Wannan ɓangaren mu aka bar wa, mu kuwa mun riƙe amana: ba mu taɓa shi ba.

Kuma ba rashin kuɗi ba ne, kada a yi mana ƙazafin talauci. Duk kakar zaɓe ana yin sabuwar waƙa kafin a buga fosta, ana ba da mota da kujerar Makka a kan baitin da ba zai kai baɗi ba. Wannan shi ne sanin ya kamata. Waƙar da ta rayu shekara hamsin ta riga ta nuna ba ta bukatar taimakon kowa. Wadda za ta mutu ran rantsuwa ita ce abar tausayi.

Saboda haka ina roƙon masu hali da masu mulki, don girman Allah kada wani ya yi gangancin tayar da hankalin dattawan nan. Ga filin wasa na Mahaha nan a Ƙofar Na'isa, kada a share shi dare ɗaya a kafa dandamali. Kada a aika Funtuwa da Maradun da Jos da Haɗeja a nemo sauran makaɗa da 'yan amshi. Kada a sa musu sabuwar fata a kalangu, kada a zaunar da su da 'ya'yan iyayen gidansu su yi bitar waƙoƙin nan mako biyu. Kada a sayar da tikiti a raba musu kuɗin a hannu, kada a kira sunan kowannensu a lasifika jikokinsa na ji. Balle a ce daga Kano a wuce Katsina, Sakkwato, Zariya, Maraɗi, Damagaram, har Zangon Kumasi, inda Hausawa za su cika wuri tun kafin magariba. Wannan duk wahala ce, kuma tana iya jawo yara su fara tambayar yadda ake ɗaure kalangu.

A yi haƙuri a jira, ba da daɗewa ba ne. In na ƙarshensu ya cika, sai mu yi abin da muka fi ƙwarewa a kai. Gidan rediyo ya sa waƙar maigidansa na minti biyar. Mai taimaka wa wani babba ya fitar da takardar ta'aziyya, ya ce an yi babban rashi, giɓin ba zai cike ba. Mu kuma mu cika Facebook da addu'a, ƙarƙashin hoton wani makaɗin daban.