Cinikin Biri a Sama: Ni da Sandar Sunuka

A iya sanina, ba a taɓa cin ɗan sunuka don an fi shi iyawa ba. Shiga kowace rumfar sunuka a Kano, daga Fagge har Hotoro, ka saurari wanda aka lallasa yanzun nan. Zai ce maka tebur ne ya karkace, ko wani ya yi tari daidai lokacin da ya duƙa, ko janareto ya rage wuta. Amma kaso mafi tsoka na laifin, sanda ce take ɗauka. A rumfarmu kuwa babu wanda ya kai ni zagin sanda, saboda babu wanda ya kai ni shan kashi.

Tsakani da Allah, sandunan rumfarmu sun cancanci zagin. Fatar da ke tsininsu ta daɗe da yin ritaya. Mai tebur yakan je wajen mai gyaran takalmi ya yanko guntun fata ya manna da gam, in kuma fata ta yi wuya ya yanki ƙasan silifas. Ɗaya an naɗe ƙugunta da salatif. Wata in ka girgiza ta sai ka ji wani abu yana kai-komo a cikinta, har yau ba wanda ya san ko mene ne.

Wayata ce ta ƙara ingiza ni. Na kalli yadda Ronnie O'Sullivan ya haɗa maki 147 cikin minti biyar da daƙiƙa takwas a Shafil ta Ingila a 1997, na kalli Efren Reyes na Filifin yana aika ƙwallo inda hankali bai ba ta hanya ba. Na lura da abu guda: kowannensu da sandarsa yake zuwa, a cikin jaka, ba ya aron ta gida. Nan take na gano abin da ya raba ni da su. Na zauna na yi karatu. Wasan da muke bugawa, mai fara ɗaya da ƙwallo 15, cikinsu har da baƙa mai lamba 8 da ake rufe wasa da ita, sandarsa takan kai inci 58, nauyinta kusan giram 540, da katakon mafal ake sassaƙa ta, faɗin tsininta kuma kusan milimita 13. Ta ainihin sunuka mai ƙwallo 22 ta fi siririn baki. Duk wannan na haddace, har na fara yi wa mutane gyara a rumfa, alhali ci na ake yi.

Da tsakar dare na yi odar, lokacin da duk wata shawarar kirki ta yi barci. Na buɗe manhajar wata kasuwar intanet, na jera sandunan daga mai araha zuwa mai tsada, ban ko gangara ƙasa ba. Ta farko tana sheƙi a hoto, gida biyu ce da ake ɗaurawa a tsakiya, ga jaka kyauta, an rubuta katakon Kanada ne, irin ta ƙwararru. Masu yabo biyu na gani a ƙarƙashinta. Ɗaya ya ce kaya ya iso da wuri, ɗaya ya ce yaronsa yana jin daɗinta. Babu wanda ya ce ya taɓa jefa ƙwallo a rami da ita. Na tura kuɗi.

Ranar da ɗan dilibari ya iso da siririn kwali a bayan babur, maƙwabcina ya taya ni murnar sayen dogon ƙwan lantarki. Uwargida ta tsaya a kaina ina farke kwalin.

"Maigida, muciya ka sayo mana?"

"Sanda ce."

"Sanda. Daga ina?"

"Daga Legas."

Ta yi shiru, sannan ta ce a garin nan da Fulani suke shigowa da sanduna kasuwa kullum, ni sai da na aika bakin teku. Na ce mata wannan ba irin waccan ba ce, ta ƙwararru ce. Ta ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da ake faɗa wa wanda ya sa kuɗinsa a adashen da uwar adashe ta fara sayen akwati.

Da yamma na shiga rumfa da jaka a kafaɗa. Na zuge zif a hankali don kowa ya ji ƙararsa, na ɗaura gida biyun. Mai tebur ya ce, "Oga, kawo mu gani." Ya shimfiɗa ta a kan koren ƙyalle, ya tura ta da tafin hannu. Sandar kirki in aka mirgina ta, lumui take tafiya, tsininta a ƙasa. Tawa sai ta kama tafiya kamar amalanken da tayarsa ɗaya ta sace: ta ɗaga baki, ta sauke, ta ɗaga, ta sauke. Rumfa ta yi tsit na ɗan lokaci, sannan wani ya fashe da dariya, sauran suka bi.

Ban karɓi hukuncin ba, kuma ina da hujja. Teburin namu ƙafarsa ɗaya a kan rabin bulo take, ɗaya a kan ninkakken kwali, duk ƙwallon da aka bari ita kaɗai sai ta lallaɓa ta nufi ramin kusurwar gabas. Ta yaya karkatacce zai yi wa wani shaidar karkacewa? Na kai ta kantin mai kemis na mirgina a kan gilashin kanta. Ta yi ɗingishi. Na mirgina a kan tayil ɗin falona. Ta yi ɗingishi. Na rufe ido ɗaya na leƙa tsawonta, sai ga bakinta ya ɗan kauce hagu, yana kallon wani wuri daban da inda nake kallo.

To amma na riga na cika baki cewa ranar Asabar za a ga aiki. Na goga mata shuɗin alli har ya zuba a hannun rigata, na buga, aka ci ni. Na ce ai kowa ya ga sandar a karkace take. Abokin karawata, yaro ne da bai fi ƙanena na uku ba, ya ce, "Yallaɓai, mu yi musanya." Ya ba ni tasa, ya karɓi tawa, ya sake cin na, wannan karon ma ya fi sauri.

Na koma gida na jingine ta a bayan ƙofa. Lokacin hunturu ne, kuma katako ba ya son abu biyu: jingina da bushewar iska farat ɗaya. Icen da ya sha danshin Legas ya faɗo cikin ƙurar Kano, in yana da niyyar lanƙwasa, ya samu dalili. Autana ya mayar da gindinta doki, ya yi ta sukuwa a tsakar gida. Uwargida ta kakkaɓo tsaka da ɗaya rabin. Kwalin kuwa an yanka shi an shimfiɗa wa 'yan tsaki.

Sai a lokacin na tuna akwai maɓallin mayar da kaya. Na danna. Sharuɗɗa: kaya ya kasance ba a yi amfani da shi ba, yana cikin kwalinsa na asali. Sai jerin dalilai, a zaɓi ɗaya. Ya zo a karye. Ba shi ne na hoto ba. Na canza ra'ayi, wannan kuwa kai za ka biya kuɗin mota. Na duba sama da ƙasa, babu gurbin da aka rubuta: ta zo a karkace, na gani da idona, na buga da ita, an ci ni, hunturu ya ƙara mata, yaro ya hau.

Na kai maganar majalisa, wajen mai shayi. Nan na ga yawan malaman da Allah ya albarkaci unguwarmu da su. Wani ya ce in goge allin da jiƙaƙƙen tsumma, in nemi kwali a wajen masu sayar da labule. Wani ya ce wahalar me, in taka ta ta karye, in zaɓi dalili na farko. Ɗan yayana mai karatun lauya ya ce, "Kawu, doka tana bayanka," ya kawo dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi, ko da an buga a rasit cewa abin da aka saya ba a dawowa da shi. Ya ce a Tarayyar Turai ma wanda ya sayi abu ta intanet yana da kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba. Na tambaye shi, ko da an hau shi doki? Ya ce to, can ɗin ma in ka wuce dubawa ka shiga mora, za a cire maka abin da ka rage wa kayan na daraja.

Duk wannan surutu Alhaji ɗan Kantin Kwari yana kurɓar shayinsa. Da ya ajiye kofi sai ya ce mu masu saye kullum mu ne abin tausayi a bakinmu. Ya ce shi an taɓa dawo masa da mayafi bayan biki, an ninke shi tsaf an mayar a leda, ana rantsuwa ba a taɓa yafa shi ba, yana ƙamshin humra da hayaƙin turaren wuta, da ɗigon miya a gefe. Ya ce kana tsammani kamfanin ne zai yi asara? Wani ƙaramin ɗan kasuwa ne irina ya ɗora kayansa a manhajar, shi za a zare wa kuɗin. Sannan ya dube ni ya ce, "Kai kuma, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

Bayan magariba na tsayar da limamin masallacinmu.

"Allah gafarta Malam, ina da fatawa a kan sanda."

Ya saurare ni har ƙarshe bai yi dariya ba, abin da ya ƙara masa girma a idona. Tambayarsa ta farko ba a kan ciniki ba ce. Ya ce wasan nan da kuɗi kuke yi? Na ce a'a, sai dai wanda aka ci shi ke biyan kuɗin tebur. Ya dube ni ya ce wannan karatu ne na wata rana, kuma kada in sa ran zai yi mini daɗi. Sannan ya ce a mazhabar Malikiyya ya halatta a sayi abin da ba ya gabanka bisa siffantawa, in ya zo ba yadda aka siffanta ba kana da zaɓi. Aibin da kaya ya zo da shi daga hannun mai sayarwa ma hujja ce ta mayarwa. Amma wanda ya ga aibi ƙuru-ƙuru ya ci gaba da mora, ya nuna ya yarda, kamar wanda ya ga dabba tana ɗingishi ya ci gaba da hawanta yana harkokinsa.

Na tuno masa hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa don hantsarta ta cika a yaudari mai saye, wadda aka ba shi damar mayarwa ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Na ce ko in haɗa musu da dabino? Malam ya ce wancan sai da ya tatsa ya gane an cuce shi, ni kuwa na gane tukuna sannan na tatsa. Abin da ya rage mini shi ne iƙala: in faɗa wa mai kaya gaskiya, in roƙe shi ya warware cinikin don Allah. In ya yarda ya samu lada, in ya ƙi bai zalunce ni ba.

Ban ce na miƙa wuya nan take ba. A daren na ɗauko jakar, tsumma na jiƙe a hannuna, ina lissafin inda zan samu kwali. Na zura hannu a ƙaramin aljihun jakar, wanda ban taɓa buɗewa ba, sai na ji wani abu. Guntun alli ne, shuɗi, an goge shi har tsakiyarsa ta yi rami. Ba nawa ba ne, nawa yana rumfa. Ashe akwai wani bawan Allah a wani gari da ya riga ni cika baki, ya riga ni shan kashi, ya jiƙa tsummansa, ya danna cewa bai taɓa amfani da ita ba. Aka karɓa, aka sake naɗewa, aka jira wani mai odar tsakar dare. Ƙaryarsa ba ta tsaya a kan kamfani ba, ba ta tsaya a kan ɗan kasuwa ba, sai da ta hau mota ta zo Kano ta same ni har gida. In na goge na mayar, wani ne a Gusau ko Damaturu zai shiga rumfarsu da jaka a kafaɗa.

Na rubuta musu komai, har dokin da tsakar, na haɗa da hoton guntun allin. Amsarsu ta zo cikin ladabi. Sun ce kuɗin dawo da ita Legas ya kusa kai kuɗinta, don haka in riƙe abata, za su ba ni rabin kuɗin, amma ba a hannu ba, sai dai in sake sayayya da shi a wajensu. Na sayi kwalin alli. Ya iso a niƙe, gari zalla.

Sandar kuwa na bai wa mai tebur kyauta. Da ya jera ta cikin 'yan'uwanta ya mirgina su ɗaya bayan ɗaya, sai ta zama ita ce mafi miƙewa a rumfar. Yanzu a bayan kujerarsa yake ajiye ta, sai manyan baƙi yake ɗauko wa. In ina son bugawa da ita sai na bi layi, kuma har yau ni nake biyan kuɗin tebur.