Taubashiya, Ki Yi Sulhu da Tuwo

Ke 'yar Gwaggo, 'yar Fillo, baiwar gidanmu tun kaka da kakanni. Labari ya iske ni nan Gagarawa cewa kin ishi dangi da ƙorafi: wai jikinki ya lalace, wai ko ruwan randa kika sha sai ya zama teɓa, wai kuma duk horon yunwar da kika yi wa kanki ne kina budurwa ya jawo. Rabin maganar gaskiya ce. Bafillatana kuwa ta faɗi rabin gaskiya a zama ɗaya, ai abin a yi shela ne a kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Mu da muka gani da ido ba mu manta ba. Kina aji uku a makarantar kwana 'yan ɗakinku suka laƙaba miki Buhun Gero, kika dawo hutu kin ɗaura yaƙi da tuwo. Gwaggo ta tuƙa na gero, ta kaɗa miyar kuka, ki ce ƙamshin ma ya ishe ki. Da safe ruwan ɗumi da lemon tsami, da rana shayi ba madara, da dare ki ce kin ci a maƙwabta. Abin da ya fi ɗaure mana kai mu Mangawa shi ne 'yar masu shanu ta ƙi nono! Kakanninki sun ƙare rayuwarsu a bayan saniya, ke kuwa a miƙo miki ƙwaryar kindirmo ki kawar da kai. Tsakiyar bazara, lokacin da kowa a ƙasar Gumel ke kwana a tsakar gida, kina cikin rigar sanyi. Gashi na bin mataji, ga faɗa da kowa ba gaira ba dalili.

Gwaggo ta kashe kuɗin hayaƙi, amma ba aljanu ba ne. Jikinki ne ya yi abin da duk maigida mai hankali ke yi idan damina ta yi gardama: ya leƙa rumbu, ya ga hatsi ba zai kai kaka ba, sai ya rage awo, ya ɗage duk hidimar da ba dole ba. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da mutum ke ƙonawa a rana yana tafiya ne ko da yana kwance, wajen bugun zuciya, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, da ɗumama jiki. Da abinci ya yi ƙaranci, sinadarin tayirod mai hura wannan wuta sai ya ragu, zuciya ta sassauta, hannu da ƙafa su yi sanyi, gashi ya zube, al'ada ma ta ɗauke, domin jiki ya ga ba lokacin ɗaukar ciki ba ne.

Na san ba ki yarda da maganar Bamange sai ya kawo Bature, to ga shi. A ƙarshen 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys a Jami'ar Minnesota ta Amurka ya tara samari 36 lafiyayyu, da yardarsu. A 1945 aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har tsawon mako 24. Kowannensu ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, abin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100. Ƙatti ne fa, amma suka koma lashe faranti, suna tara littattafan girki, suna jin sanyi, suna fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kin ji kamar na san wata?

Saurari ƙarshen labarin, don nan ne naki yake. Da aka sakar musu abinci, wasu suka ci kamar ba gobe. Kitse ya riga tsoka dawowa, nauyinsu ya zarce na da, daga baya kuma sannu a hankali ya sauko kusa da inda suka faro, wutar jikin ta dawo. Ƙwayoyin bitamin da aka ba wasunsu ba su gaggauta komai ba; isasshen abinci ne ya yi aikin. Ƙibar da ta taso miki bayan kin bar makaranta, wadda kike kira lalacewa, ramuwar bashi ce. Abin da ke hana ta daidaita shi ne duk sanda kika ga zane ya matse sai ki koma gidan jiya, ki yi mako biyu a kan shayi, yunwa ta ci ƙarfinki, ki afka wa tukunyar Gwaggo da tsakar dare kina tsammanin ba wanda ya ji ƙarar murfi.

Kada ki ce na ɓoye miki: a wani nazari da aka buga a 2016 an bibiyi mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a talabijin a Amurka, aka tarar bayan shekara shida jikinsu na ƙona kusan kalori 500 ƙasa da yadda ya kamata a rana. Amma waɗannan, idan aka raba daidai, kowannensu ya zubar da fiye da kilo 50 cikin 'yan watanni. Ke kuwa ko a zamanin Buhun Gero, buhun bai cika ba. Kuma kada ki fake da shekaru. Wani babban nazari na 2021 a kan mutane fiye da 6,400 daga ƙasashe 29 ya nuna wutar jiki ba ta raguwa a zo a gani tsakanin shekara 20 da 60.

Ni abin da ya fi damuna ba teɓa ba ce, ƙashi ne da jini. Kusan rabin ƙwarin ƙashin mutum a shekarun tashen balaga ake gina shi, kafin shekara 30 kuma an rufe ginin. Waɗannan shekarun ne kika yi kina gaba da nono, saboda haka sauran da suka rage miki ba na wasa ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya gano kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Gajiyar da kike ɗora wa mutuwar jiki, ta yiwu daga nan take.

Maganin duk yana cikin garin nan, abin kunya. Ki ci sau uku a kan lokaci, ko kina jin yunwa ko ba kya ji, har jiki ya yarda cewa fari ya wuce. Ga wake, ga gyaɗa, ga riɗin da 'yan kasuwa ke lodawa a mota suna kai wa mutanen ƙetare mu muna kallo, ga zogale, ƙwai, awara, hanta idan an samu, fura da nono kuma gadonki ne. Shayi ki ba shi tazara da abinci, don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Tsoka ita ma tana son aiki: ki kama taɓarya, ki ja guga, ki yi tafiya, ki yi barci ya ishe ki. Watanni abin ke ɗauka, wani lokaci fiye da shekara. Shayin rage teɓa da ake talla a waya, yawancinsa zawo da fitsari yake sawa, ruwa kike zubarwa. Shi ma sha-ka-fashe da ƙawayenki sirara ke haɗiya kafin biki, wasunsa na ɗauke da maganin da ke kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya cinye ƙashi.

Nan kuma na ajiye wasa. Idan al'ada ta yi wata uku ba ta zo ba kuma ba ciki, ko jiri na ɗibarki, ko kina tilasta wa kanki amai, ko ganin abinci na sa gabanki faɗuwa, wannan ciwo ne, kuma yana da magani. Ki je Babban Asibitin Gumel a duba jininki, in ta kama a tura ki Dutse ko Kano. Wanda ya rame ƙwarai ba a ɗura masa abinci a tashi ɗaya, don hakan kan birkita gishirin jini ya taɓa zuciya. Likita ke tsara masa. Ki sa ido kuma a kan autarku mai shekara 14, na ga ta fara ture kwano.

Idan watan cika-ciki ya kama, ki taho Gagarawa da kuɗin sharata a hannu, ba bashi. Akwai dambu da zabuwa, kuma sai kin suɗe akushi za ki tashi.