Ku Ajiye Sanda, Ba Gunki Na Kawo Muku Ba

Tun kafin in rufe baki na ga Malam ya gyara zaman rawani, samarin fada kuma sun daina fifita gawayin shayi. Buddha na ce, jama'a, ba buɗa-baki ba, ku bar leƙen ƙwarya. Kuma ku kwantar da hankalinku, ban shigo Issawane da gunki a aljihu ba, alƙiblata tana nan inda kuka san ta. Labarin mutane na kawo, don wanda bai taɓa wuce kasuwar Tasawa ba yakan ɗauka a can duniya ta ƙare.

Buddhan nan, sunansa Siddhartha Gautama, ɗan sarauta ne, an haife shi a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yau, shekara fiye da 2,400 ke nan. Mabiyansa sun ce yana da shekara 29 ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa, sai daɗin fada ya fita ransa, ya kama hanya. Mu kullum muna cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, amma a ba ɗayanku ko mai unguwa ne mu ga in zai saki. Bayan shekara shida yana nema, ya zauna gindin wata bishiya a Bodh Gaya, ƙasar Indiya.

Na ji wani daga baya yana cewa, "In zaman gindin itace ne, ai mu ma gwanaye ne." Gaskiyarka, ɗan'uwa, tun hantsi kana gindin gawo. Sai dai shi bakinsa a rufe yake yana bin numfashinsa, kai kuwa kafin azahar ka kashe aure uku da baki.

Aikin nan da mabiyansa suke yi kamar wasa. Mutum ya zauna, ya sa hankalinsa kan shigar numfashi da fitarsa. Tunani ya ja shi, ya dawo da shi, ya sake ja, ya sake dawowa, kamar mai kiwon akuya a bakin gonar wake. Kuna dariya? To a gwada. A ƙirga numfashi goma ba tare da an tuna bashin jaka biyar ko kuɗin tiyar gero ba. Amfaninsa yana fitowa ranar da ka iske shanu cikin gonarka tun ba a saki gonaki ba, jini ya hau, hannu ya kai ga sanda. Wanda ya saba ganin fushinsa tun yana tasowa yana iya kai maganar gaban maigari. Wanda bai saba ba, sai a gaban jandarma yake farkawa.

Suna kuma ba da labarin wata mata, Kisa Gotami, da ɗanta ya rasu ta ƙi yarda, ta ɗauko shi tana neman magani. Buddha ya ce ta samo masa 'yan ƙwayoyin wani iri daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ta bi gida gida. Iri akwai, amma ko'ina an taɓa zaman makoki. Nan ta gane ba ita kaɗai ba ce, ta yi jana'izar ɗanta. Inna, na ga kin yi shiru, wannan kam ba sai an yi miki fassara ba.

Yauwa, Malam, na san inda za ka. "Ina tausayin yake a Myanmar?" Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. A 2017 sojojin ƙasar sun kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangladash, wasu masu wa'azin addinin Buddha kuma sun taimaka wajen hura wutar ƙiyayyar. Ashe koyarwa tana iya kwana a littafi hannu kuma yana ɓarna. Akwai kuma wanda ta kama shi da gaske: Sarki Ashoka, bayan yaƙin Kalinga wajen shekara 261 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa aka sassaƙa nadamarsa a kan duwatsu, ya haƙa rijiyoyi, ya dasa itatuwa a bakin hanya, ya tanadi magani don mutane da dabbobi.

Mu ma ai ba mu rasa kalmomi ba. Haƙuri, kirki, tausayi, natsuwa a cikin salla, duk Malam ya karantar da mu tun muna riƙe da allo. To wa ya yi sallar la'asar jiya hankalinsa bai tafi kasuwar Mayahi ya dawo ba? Kada kowa ya ɗaga hannu, ba na son a yi ƙarya a gaban Malam.

Ga shayinku can ya tafasa ya zube a wuta kuna ta gardama da ni. Ku sake ɗorawa, kafin ya nuna a ƙirga numfashin nan goma. Wanda ya kai ba tare da ya taɓa salula ba, kofin farko nasa ne.