Zakaran Na Goma Sha Ɗaya

Bahaushe bai wahalar da kansa ba wajen jera mutane. Ka sa "na" a gaban lamba, shi ke nan: na ɗaya, na bakwai, na ɗari. Bature kuwa sai da ya ɗinka wa lambobi wutsiya har iri huɗu: st, nd, rd da th.

Shekarar da na fara koyarwa a wata firamare a Runka, cikin ƙaramar hukumar Safana, aka jibgo mini katunan sakamakon ƙarshen zango. Na san 1st, albarkacin 1 ga Oktoba 1960. Na san 23rd, don ranar 23 ga Satumba 1987 aka yanko mana Jihar Katsina daga Kaduna. Sai na kafa wa kaina doka: a dubi lambar ƙarshe kawai. Na zuba 11st, 12nd, 13rd, har ina gyara hula.

Mai 11st ɗan wani Alhaji ne, dillalin shanu. Alhaji bai yi boko ba, amma ba a cin sa a lissafi. Wani maƙwabci ya tabbatar masa "st" ta na ɗaya ce kaɗai, sai ya yanke hukunci cewa birona ne ya zame ya yi sanda biyu. Aka yanka zakara, aka aiko a kira ni.

"Malam, ci. Ai ƙoƙarinka ne."

Na ci cinya, na ƙara da ƙirji, ina ta yaba masa a zuci: ga uba mai godiyar Allah, na goma sha ɗaya ma ana yi masa walima!

Kafin la'asar magana ta zaga gari. Washegari sai ga uwar yarinyar da ta zo ta ɗaya da gaske a ofishin hedimasta, da katinta a hannu, tana tambayar ko yanzu na ɗaya biyu ake yi.

Hedimasta ya sauke tabarau. "Malam, Ranar Dimokuraɗiyya, 12 ga Yuni, yaya za ka rubuta ta?"

"12nd, ranka ya daɗe."

Ya yi salati. Ashe wutsiyar ba lamba take bi ba, baki take bi: haruffa biyun ƙarshe ne na kalmar idan an furta ta. Sunan 11, 12 da 13 a Turanci daban yake, ba ya ƙarewa da na ɗaya, biyu ko uku, don haka duka th suke ɗauka. A 21 st ta dawo, a 111 ta sake ɓacewa.

Ni aka tura in kai wa Alhaji gyara. Ya saurara har ƙarshe, ya ce zakaran dai bashi ne, sai ranar da yaron ya zo na ɗaya za a yafe.

Zango na gaba yaron ya zo na 21. Na rubuta 21st, kuma wannan karon daidai ne. Alhaji ya aiko da katin wurin hedimasta a duba masa, tare da saƙon cewa kada a nuna mini.