Mai cin gizo-gizo na zaurenku

Na san halinku, ƴan gardamar Matameye. Da an ce akwai kalma sukutum da aka ware wa cin gizo-gizo, sai ku taɓe baki ku ce zaman banza ne ya ishi Nasara. To ku gyara zama.

Kalmar ita ce araneyofaji, kuma ruwa biyu ce. Kanta na Latin ne, aranea, wato gizo-gizo. Wutsiyar kuma ta Girkanci, phagein, wato ci. Tana da ƴar'uwa, araknofaji, wadda uwa da uba duk Girkawa ne. Ita ta samo suna daga arakne, wato gizo-gizo, wanda kuma shi ne sunan masaƙiyar tatsuniyarsu da ta ja da allahiya Atina a kan saƙa, ta ƙare a gizo-gizo. Ashe ba mu kaɗai ke da Gizo a tatsuniya ba.

"To wa ke cin wannan ƙazanta?" Alhaji, ɗaga kai ka dubi kusurwar zaurenka. Ka ga ɗan ginin lakan nan da ke manne da bango? Aikin zanzaro ne, baƙin nan mai siririn ƙugu rawaya. Macen ce ke ɗebo laka daga gindin randa, ta gina ɗaki, ta kamo gizo-gizo ta harbe shi. Ba ta kashe shi, sumar da shi take yi don kada naman ya ruɓe. Ta cusa guda da dama, ta saka ƙwai ɗaya, ta liƙe ƙofa. Tsutsa na ƙyanƙyashewa sai ta tarar da gara tana jiranta. Uwar kuwa ruwan fure take sha abinta. In ka fasa wani ginin ka tarar da korayen tsutsotsi, kada ka zo mini da ihu: na wata ƴar dangi ce, kowa da cimarsa.

Ɗan Adam ma bai tsira ba. A garin Sukun na Kambodiya manya-manya ake soyawa da tafarnuwa, ana sayar wa matafiya. Lalande, masanin taurarin Faransa da ya mutu a 1807, ya yi suna wajen lamushe su a gaban jama'a.

Hajiya, na ji kin ce tir. Ke da ba kya hawa motar Damagaram sai an auna miki soyayyar fara da yaji? Za ki ce ai fara halal ce, kuma gaskiyarki, ni ma ban ce a ɗora kasko ba. Amma kafin ki ƙara yatsina fuska, cire ƙafar farar da ta maƙale miki a haƙori.