Tsegumi: Abin da ake raɗa a bayan ajin zana

Jama'a, ku matso kusa, maganar yau ba ta lasifika ba ce. Wannan makon kunnenmu bai tsaya Birni ko Zango ba, bai leƙa Sabon Garin Zinder ba. Ya sauka daga kwalta, ya bi turɓaya har wani ƙauye a ƙasar Mirya, inda akwai wata ƴar lakwal mai aji shida da malamai huɗu. Ba zan faɗi sunan garin ba, domin mai garin mutumin kirki ne, kuma ina da niyyar sake cin tuwon gidansa. Amma duk wanda ya taɓa koyarwa a daji, daga Magarya har Tanut, zai rantse da lakwal ɗinsu nake.

Aji biyu ne na siminti, sauran na zana. To, daga zanar nan rigimar bana ta tashi.

Kun san gwamnati kan sa ranar komawa makaranta a farkon Oktoba. A 2024, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna har tsohon masallacin Birni ya rushe, an ɗage ranar zuwa 28 ga Oktoba. An ce da labarin ya iso ƙauyen nan ta rediyo, dattawan gindin bishiya dariya suka yi, wani ya ce: "Ashe su ma sun dawo kan lissafinmu." Don a nan ba a taɓa cika aji kafin a gama girbi ba. Yara na gona suna roron wake, shi kansa ajin yana daji, gamba ba ta isa yanka ba, kara bai bushe ba. Sai an yanke gero, an ɗaure dammuna, an kai rumbu, sannan a samu mai saƙa zana, a sari dirkoki, a kafa rumfa. Can kuma a Mayu ko Yuni hadarin farko ya taso da iska, ya kwashe rumfar ya jefa bayan gari, iyaye su kira yara shuka, shekara ta ƙare. A takarda wata tara ake karatu. Ku lissafa na ƙauyen nan da kanku.

Kuɗin zanar daga aljihun iyaye yake fitowa, ta hannun kwamitin kula da makaranta, wanda kowa ke kira COGES har yau, ko da yake a takarda ya koma CGDES. Bana an bi gida-gida an karɓa, wasu da sefa, wasu da naira, wata tsohuwa ma da tiyar gero. Shugaban kwamitin ya hau amalanke ya tafi kasuwa ran Lahadi. Ya dawo ya ce zana talatin ya sayo. Mushe Direkta ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ga ashirin. Bai ce uffan ba, don gidan da yake kwana na ƙanin shugaban ne. Kwana biyu da haka, mata masu zuwa rijiya suka ga sabuwar danga fes ta zagaye ɗakin amaryar shugaban.

Aka kira taro. Aka ce ma'aji ya kawo littafin kuɗi, ya ce gara ta cinye. Maza suka sunkuyar da kai, kowa na tonon ƙasa da tsinke. Sai shugabar ƙungiyar iyaye mata ta gyara mayafi ta ce: "Baba Shugaba, Allah ya ƙara girma. Tambaya gare ni. Garar nan da ta ci takarda, ita ce ta ɗauki zana ta kai gidan amarya?" Wanda ya ba ni labari ya ce liman ne ya yi saurin shafa fatiha, aka watse. Washegari da asuba an tarar da zana biyar a jingine jikin ajin ƙarshe, CM2, ba wanda ya ga wanda ya kawo. Sauran biyar ɗin, an ce amarya ta rantse ba za ta zauna a tsirara ba.

Ba wanke shugaban zan yi ba, ya ci amana. Amma abin da ke ba ni mamaki, an yi sati ana zancen zana goma, ba wanda ya ɗaga murya ya tambayi dalilin da ya sa talaka zai riƙa sake gina aji ɗaya kowace shekara, tun yaran da suka fara zama ciki har sun kawo nasu ƴaƴan.

Kuma zanar nan ba abar wasa ba ce. A Afrilun 2021 gobara ta cinye ajujuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka mutu. A Nuwambar shekarar, aka sake yin irinta a Maraɗi, fiye da yara 20. Bayan ta Maraɗi ne gwamnati ta hana zaunar da ƴan ƙananan ajin reno a cikin zana. Tun lokacin Direktan namu ba ya son ganin ko ashana kusa da rumfa. Shi ya sa ya tashi mai ƙosai daga bakin ajin farko, CI, ya ce ta kai murhunta can gindin aduwa. Gaskiyarsa ce. Matsalar ita ce, mako bai zagayo ba sai ga uwargidan Direkta ta fara kawo dafaffen wake a roba, tana zama daidai inda aka tashi mai ƙosai. Direkta ya ce ai wake ba ya zuwa da wuta. Mai ƙosai ta ce haka ne, amma yana zuwa da hayaƙi, kuma gari duka ya shaƙa. Yanzu ba sa gaisawa, yara kuwa sun rabu biyu, ƴan wake da ƴan ƙosai.

Sai zancen Madam ta ajin CI, wadda bakin mata bai bar ta ta huta ba. Ƴar birni ce, ta fito daga makarantar horon malamai ta Askia Mohamed da ke Zinder. Kabu-kabu kan sauke ta ran Litinin rana ta take, ran Alhamis kuma, ranar kasuwar Dole, a neme ta a rasa. Ana raɗe-raɗin mijinta yana da wani babba a ofis, yana ta zirga-zirga a maida ita gari. Wasu sun ce takardar likita take haɗawa. Wasu sun ce juna biyu gare ta. Wata ma ta ce ta ga hotonta a WhatsApp tana rawa a gidan biki ranar da ta aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da ita.

To, ni na leƙa ɗakin da aka ba ta. Ƙofar buhu ce. Ruwa sai ta sayi jarka daga mai jaki. Ƴar kwantaragi ce, kuɗin watanta kan zo a makare, in ya zo kuma sai ta je gari ta bi layi. Ba ita kaɗai ba: ƙarshen wata ya yi, malaman duka sukan ɓace kwana biyu ko uku, a bar yara da babban ɗalibi riƙe da tsumagiya yana sa su maimaita abin da shi ma bai gane ba. In ƙungiyoyin malamai irin su SNEN ko SYNACEB suka kira yajin aiki, labari kan iso ƙauyen nan da sauri fiye da labarin janye shi. Yara fiye da sittin ne a gabanta, zaune a ƙasa, allo ɗaya na gwangwani a hannun yara uku. Masu zagin Madam, ban ga wanda ya ce zai ba ƴarsa ta zo ta maye gurbinta ba. Rawar biki kuwa, in ta tabbata, Madam, a rage ɗora hoto.

Mu leƙa kicin. Lakwal ɗin na cikin masu sa'ar samun abincin rana, kuma da yawan sunayen da ke rajista ake auno shinkafa da wake da mai. Nan ne ake ganin abin al'ajabi. Akwai yaron da ke Kano yana tura baro a kasuwa tun bara, amma kullum yana nan a rajista, yana cin rabonsa. Akwai ƴan gida ɗaya da uwarsu ta ɗauke su ta bi ayarin matan Kance zuwa Aljeriya, su ma suna nan, lafiyarsu ƙalau. Ina rarar take zuwa? Mai ajiyar makulli ya ce ɓera. Masu dafawa suka ce ba su taɓa ganin ɓeran da ya iya buɗe galan ɗin mai ya maida murfi ba. Direkta kuwa ya raɗa wa wani cewa in ya goge sunayen, za a rage buhu, kuma yaran da ba su kai shekarun shiga ba, waɗanda kan biyo yayyensu da kwano, da me za a sallame su? Na ji wannan, bakina ya yi nauyi. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin, ku tambayi dafaffen waken nan na roba daga wane rumbu ya fito.

Ranar da Insipekta zai zo, ba a ƙauye kake ba in ba ka sani ba tun kwana uku. Direban ofis ɗan ƙanwar wani ne a garin. Sai a share fili, a yayyafa ruwa, a ɗaga tuta. A je wurin malamin tsangaya a aro almajirai a cika gurbin ƴan Kano da ƴan Aljeriya, a gargaɗe su kada wanda ya buɗe baki. Wancan zuwan, an ce Insipekta ya nuna wani yaro ya tambaye shi sunansa da Faransanci, yaron ya miƙe ya fara jawo karatun allonsa da ƙarfi. Insipekta ya dubi Direkta, Direkta ya dubi rufin zana. An dai sa zabi biyu a bayan mota, rahoto ya fita lafiya.

Wanda barci ya ƙaurace wa a lakwal ɗin shi ne Mushen CM2. Tun da aka maido da jarrabawar kammala firamare ta CFEPD a 2024, bayan kusan shekara goma da soke ta, asiri ya daina rufuwa: da can yaro kan wuce kwaleji da makin aji, wanda malaminsa ne ke bayarwa, yanzu kuwa sai ya zauna gaban baƙin masu tsaro. Mushe na tara yara da yamma, har da Asabar, ba ko dala. Ga kuma wahalar takardar haihuwa, don yawancinsu a gida aka haife su, ba wanda ya kai rahoto, sai an nemi takardar alƙali. Da takardun suka fito, rabin ajin ran 1 ga Janairu aka haife su. Akwai wani mai gashin baki da takarda ta ce shekararsa 12. Uwarsa da kanta ta ce shekarar fari aka yaye shi, ku nemi wace farin.

Amma babban abin da ake raɗa, wanda ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne zancen yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajin. Wani ya dawo daga Libiya da babur sabo da waya mai faɗi, an ga ƙanin ubansa ya shiga gidan iyayenta da goro. Uban yarinyar ya ce wa Mushe: "Malam, ko ta ci jarrabawar, kwalejin na garin da ba ni da kowa. Wa zan ba ajiyar budurwa?" Kada ku yi saurin zaginsa, tambayarsa tana da nauyi. Don irin wannan ne aka gina gidan kwanan ƴan mata a Kelle, cikin ƙasar Gure, zamanin Bazoum, sai dai Kelle ba nan kusa ba ce, kuma gida ɗaya ba ya ɗauke ƴan matan Damagaram. Akwai dokar 2017 da ta ce a kare karatun ƴa mace, amma takarda ba ta ba da masauki. Abin da na jiyo shi ne, shugabar iyaye matan nan, mai tambayar gara, ta je wurin mai gari ta durƙusa ta ce: "Ranka ya daɗe, ina da ƴar'uwa a Mirya, za ta riƙe ta. A bar mana ita zuwa jarrabawa." Mai gari ya ce zai duba. Goron dai an riga an raba, amma ba a sa rana ba.

Ƙaramin labari kafin in tashi. Tun da kundin mulkin da aka kafa a 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki, dattawa ke tambayar yaushe za a fara karatu da Hausa. Wani tsohon malami ya tuna musu cewa a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973. Duk da haka, an ce sabon Mushen CE1 har yanzu yana rataya wa yaro ƙashi a wuya in ya yi Hausa a aji, irin yadda aka yi wa kakanninmu. Shi kuwa in ya fusata, da Hausa yake zagi.

Ranka ya daɗe Insipekta, na san shafin nan na isa teburinka. In za ka sake zuwa, ka bar direban a gida, ka hau kabu-kabu, ka zo ran Alhamis ko ranar biyan kuɗin wata. Ka ƙirga kawunan yara da kanka, ka ƙirga buhuna, ka leƙa ɗakin Madam, sannan ka tambayi inda yarinyar CM2 take. Ku kuma masu karatu da ke da ɗaki a Mirya ko Zinder, akwai ƴan matan ƙauye da masauki kaɗai ya rage musu su shiga kwaleji. Sai wani makon, in mai gari bai hana ni tuwo ba.